Filin Lambu: Fartanya, Feshi, da Ciyawar da Ta Ƙi Mutuwa

A watan jiya mun yi magana a kan haƙa rami da dasa lemo. Yau kuwa za mu yi magana a kan baƙuwar nan da ba a gayyata, wadda ta kan riga kowa isa lambu da zarar ƙasa ta jiƙa, watau ciyawa.

Wanda ya taɓa bin hanyar Makurɗi zuwa Gboko, ya wuce zuwa Ushongo ko Vandeikya a Jihar Binuwai, ya san ƙasar lemo ce. Daga can manyan motoci su ke ɗauko kaya zuwa kasuwar 'Yan Lemo a Kano da kasuwar Zuba kusa da Abuja. Haka kuma akwai lambunan mangwaro da gwaba da lemo a ƙasar Zazzau, da kudancin Kaduna, da Filato, da gefen koguna da yawa a Arewa. Idan kun lura, a dukan wuraren nan aikin lambu ya sake kama. A dā, in damina ta zauna, za ku ga mutane jere a duƙe da fartanya a ƙarƙashin itatuwa. Yau sai ku ga saurayi guda ɗaya, ya goya tankin feshi, yana tafe yana buga famfo da hannu ɗaya. Bayan mako guda ko biyu lambun ya yi ja wur, sai ka ce gobara ta bi ta kansa.

Waɗansu sun ce ci gaba ne, waɗansu sun ce ɓarna ce. Mu dai mun gwada fartanya, mun gwada feshi, kowannensu kuma ya koya mana wani abu. Bari mu bi maganar daki daki.

Me ciyawa ta ke yi wa itace?

Babban itacen mangwaro mai shekara 20 ba ya jin tsoron ciyawa. Inuwarsa kaɗai ta isa ta kashe ta. Wanda ya ke shan wuya shi ne ƙaramin dashe, daga shekarar fari zuwa ta huɗu. Saiwoyin da lemo ya ke cin abinci da su ƙanana ne kamar gashi, yawancinsu kuwa suna kusa da fuskar ƙasa, daidai inda saiwar ciyawa ta ke. Duk takin da kuka zuba, da ruwan da yara suka ɗauko a ka daga rafi, ciyawa ce ta ke fara sha. Dashen da ya kamata ya fara 'ya'ya a shekara ta uku ko ta huɗu sai ya tsaya cak, ganyensa ya yi rawaya.

Ciyayi kuma ba halinsu ɗaya ba ne. Akwai masu shekara ɗaya, irin su harkiya da kyasuwa da gude-gude da ƙarangiya da tuji. Waɗannan da iri su ke yaɗuwa, in an sare su kafin su zub da iri an rage na baɗi. Akwai kuma masu taurin kai waɗanda ransu yana ƙarƙashin ƙasa. Tofa tana da jijiyoyi masu tsini da su ke tafiya a ɓoye. Kiri-kiri in an daddatsa shi da fartanya kowane guntu sai ya zama sabon tsiro. Aya-aya kuwa tana da 'yan ƙwayoyi a ƙasa a jere kamar dutsen wuya, a cire ɗaya, saura su farka.

Ɓarna ta biyu tana zuwa da rani. Doguwar ciyawar da aka bari ta bushe a lambu itacen wuta ce. Masu farautar ɓera ko gafiya su cinna wuta da hunturu, iska ta kwaso ta, aikin shekara biyar ya ƙone a sa'a guda. Tofa kuma tana son wuta, gama bayan gobara ita ce ta ke fara tsirowa.

Yadda iyayenmu su ke yi

Iyayenmu ba su bar tsakanin itatuwa a banza ba. Su kan shuka wake ko gyaɗa ko agushi ko dankali. Sa'ad da su ke noman waken, sun nome wa itatuwan ke nan, jifa ɗaya tsuntsu biyu. In aiki ya yi yawa a kira gayya. Uwargida ta dafa tuwo, ta dama kunu, samari su zo da fartanyoyinsu, kafin rana ta yi tsaka an gama. Yara ma suna da nasu rabo, su ne masu tsige ciyawar gindin itace da hannu.

Kada mu ce hanyar dā ba ta da aibi. Fartanya in ta yi zurfi a gindin lemo tana yanke ƙananan saiwoyin nan. In bakinta ya sari ɓawon itacen kuwa, ta raunin nan cuta ta ke shiga, musamman cutar nan da ta ke sa gindin lemo ya riƙa zub da ƙaro har ɓawon ya ruɓe. Ga kuma ciwon baya. Noman farko, da maimai, da na uku, wani lokaci har da na huɗu a ƙasar da ruwa ya ke da yawa kamar Binuwai. Wanda bai taɓa yini a duƙe yana fama da tofa ba, kada ya yi saurin zargin wanda ya sayi tankin feshi.

Abin da ya kawo sakewa

Abu na fari shi ne hannuwa sun ragu. A 1976 aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya, yara suka tafi makaranta, abin da mu duka muka yi murna da shi. Kuɗin mai ya ja samari zuwa birane. Gayya ta yi rauni, ƙwadago ya maye gurbinta, kuɗin ƙwadago kuwa kullum hawa ya ke yi.

Abu na biyu shi ne magani ya zo, ya kuma yi araha. Maganin farakwat, wanda aka fi sani da sunan Gramoxone, an fara sayar da shi a 1962 daga Ingila. Gilifoset kuwa, wanda ya fito da sunan Roundup, kamfanin Monsanto na Amurka ya fara sayar da shi a 1974. Da fari tsada gare shi, sai manyan gandaye. Amma a shekarar 2000 wa'adin da doka ta ba kamfanin na yin shi shi kaɗai ya ƙare, masana'antu da yawa suka shiga yin sa, musamman a ƙasar Sin. Farashi ya faɗi, ya shigo kasuwannin ƙauye da sunaye iri iri. Aikin da mutum goma za su yini suna yi, mutum ɗaya da tanki mai cin lita 16 ya gama shi. Wane mai lambu ne zai ga haka ya kau da kai?

Ya kamata mu san bambancin magungunan nan biyu, gama mutane da yawa suna kiransu duka “maganin ciyawa” kawai.

Farakwat ƙona ganye ya ke yi. Inda ya taɓa nan ya ke ƙonawa, cikin kwana ɗaya ko biyu ciyawa ta bushe. Amma ba ya sauka cikin saiwa. Domin haka tofa da kiri-kiri su kan sake tsirowa bayan 'yan makonni.

Gilifoset ba ya gaggawa. Ɗanyen ganye ya ke shiga, ya bi jikin ciyawa har saiwa, ya hana ta yin abincin da ta ke girma da shi. Sai bayan mako ɗaya ko biyu a ga ta yi rawaya ta mutu. Shi ya sa ya ke iya tofa. Amma bai san bambancin ciyawa da lemo ba. Duk abin da ya ke kore, ko ganye, ko toho, ko ɗanyen ɓawon ƙaramin dashe, shiga ya ke yi. Dukansu biyu kuma laka tana kama su ta kashe ƙarfinsu, saboda haka wanda ya haɗa magani da ruwan kududdufi mai dauɗa ya zub da kuɗinsa ne a ƙasa.

Abin da ya same mu

Ba za mu ɓoye muku namu kuskuren ba. Shekarun baya kaɗan muka dasa lemo mai aure a bayan gida. A damina ta biyu ciyawa ta fi ƙarfinmu, muka ɗauki wani saurayi ya yi mana feshi. Ba mu tsaya a wurin ba. Ba mu gaya masa ya jira iska ta kwanta ba, ba mu kuma kāre gindin itatuwan da kome ba. Ya yi aikinsa da tsakar rana, iska tana kaɗawa.

Bayan wata guda muka ga sabon tohon waɗansu itatuwa ya fito ƙanana ƙanana, sirara, a cukurkuɗe, masu rawaya. Muka zaci rashin taki ne, muka ƙara taki, ba abin da ya sake. Kafin rani ya ƙare dashe 11 sun bushe. Laifin ba na saurayin ba ne, namu ne, gama mu ne masu lambu.

Amma abin da ya fi tsorata mu ba itatuwan ba ne. Kwana uku bayan feshin, uwargida ta aiki yara su tsinko lalo da zaƙi-banza a lambu domin miya, kamar yadda aka saba kowace damina. Ganyen yana nan kore shar, ba alamar kome, domin gilifoset bai riga ya nuna aikinsa ba. Wata maƙwabciya da ta ga ranar da aka yi feshin ita ce ta tare su a hanya, ta karɓi kwaryar ta zubar. Mu maza mun san an yi feshi, amma ba wanda ya tuna ya gaya wa mata. Tun daga ran nan, ba a feshi a lambunmu sai an faɗa wa kowa a gida da maƙwabta, a kuma ɗaura jan ƙyalle a bakin shinge.

Ran nan ne kuma muka gane cewa abin da maigida ya ke kira ciyawa, wani lokaci uwargida miya ta ke kiransa. Lalo, karkashi, tafasa, gasaya, zaƙi-banza, duk ba wanda ya ke shuka su, duk kuwa suna ciyad da gida a watannin da rumbu ya yi ƙasa. Lambun da aka fesa daga shinge zuwa shinge ya rasa su duka.

Ciyawa ma tana koyon dabara

Masu lambu da yawa suna kuka, suna cewa maganin yanzu ba shi da ƙarfi kamar na dā. Wani lokaci gaskiya ne, akwai jabu a kasuwa. Wani lokaci ruwa ne mai laka, ko ruwan sama ya sauko kafin maganin ya shiga ganye. Amma akwai wani dalili na uku da ya kamata mu sani.

A cikin dubban tsiron ciyawa iri ɗaya, a kan sami ɗaya ko biyu da halittarsu ta ɗan bambanta, magani ba ya kashe su. In aka fesa, saura su mutu, waɗannan su rage su kaɗai a fili, su zub da iri. Baɗi 'ya'yansu sun fi yawa. In kowace shekara magani ɗaya a ke fesawa, wata rana lambun duka zuriyarsu ce.

Wannan ba zato ba ne. A 1996 aka fara ba da labari daga ƙasar Ostareliya cewa wata ciyawa ta gagari gilifoset. Ɗaya daga cikin wuraren farko da aka gan ta kuwa lambun itatuwa ne, inda aka yi shekara 15 ana fesa maganin sau biyu ko sau uku kowace shekara. A 1997 aka sami irin wannan a lambunan 'ya'yan itatuwa a ƙasar Malesiya. Kun san wace ciyawa ce ta can? Tuji ce, tujin nan namu da ta ke tsirowa a bakin hanya da gefen turke. Daga baya ma an sami tuji a Malesiya wadda ta gagari magani uku dabam dabam, har da farakwat. Yau irin ciyayin da aka tabbatar sun gagari gilifoset a duniya sun wuce 50.

Ba mamaki lambu ne ya ke kan gaba a wannan matsala. A gonar hatsi ana huɗa, ana sake shuka, ana juya ƙasa. A lambu kuwa itatuwa suna nan shekara da shekaru, mai lambu yana maimaita abu ɗaya a wuri ɗaya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Idan kun ga wata ciyawa guda ta rage kore a tsakiyar matattu bayan feshi, kada ku ƙara yawan magani. Ku sa hannu ku tumɓuke ta kafin ta yi iri.

Ƙasa tsirara

Akwai masu lambun da su ke alfahari cewa ba ko tsinke a ƙarƙashin itatuwansu, ƙasa fes kamar tsakar gida. Yana da kyaun gani, amma lambu ba tsakar gida ba ne. Ruwan Agusta in ya bugi ƙasa tsirara, fuskarta ta kan daskare ta yi ɓawo, ruwa ya kasa shiga, sai ya gudu, ya tafi da baƙar ƙasar sama inda albarka ta ke. A kan gangare zaizaya ta fara, saiwoyi su fito fili. Da bazara kuma rana ta gasa ƙasar, tana da sauran ƙananan halittu masu gyara ta su ɓace. Kudan zuma da su ke taimakon furen lemo su rasa furen da za su ci a sauran watanni.

Waɗansu ƙasashe sun riga mu bin wannan hanya, sun kuma juyo. Masu lambun tuffa a Ingila da Amurka sun fara da kaftun tsakanin itatuwa da garma, sa'an nan suka shiga feshi. Abin da yawancinsu suka zauna a kai yanzu shi ne a share siririn layi kawai a ƙarƙashin itatuwa, tsakanin layi da layi kuwa a bar gajeriyar ciyawa ana yanke ta. A kudancin ƙasar Sifen, inda gonakin zaitun su ke kan tuddai, zaizayar ƙasa ta yi ɓarna ƙwarai saboda barin ƙasa tsirara, har yanzu ana ƙarfafa manoma su bar tsiro ya rufe tsakanin itatuwa.

Kusa da mu ma akwai misali. A kudancin Jamhuriyar Benin, wajen ƙarshen shekarun 1980, tofa ta kori manoma daga gonakinsu. Masu bincike tare da cibiyar IITA suka kawo wani wake mai yaɗo, ɗan'uwan ƙarara ne amma ba ya ƙaiƙayi. Manoma suka shuka shi, ya yaɗu ya rufe tofa, ya hana ta ganin rana har ta yi rauni, ganyensa kuma ya zama taki. Gama tofa, duk taurin kanta, ba ta jure inuwa. Sai dai mai lambu ya kula, waken nan hawan itace ya ke yi. In an shuka shi a lambu, dole a riƙa zagawa kowane mako ana sauke shi daga kan dashe.

A nan gida kuma, cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, watau NIHORT, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, tana kuma da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, ta daɗe tana gwada shuka wake da agushi da makamantansu a tsakanin ƙananan itatuwan lemo. Abin da kakanninmu su ke yi ke nan. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Maganar dafi

Yanzu ga maganar da ta fi duka nauyi. Farakwat dafi ne mai kisa. Kurɓi ɗaya ya isa ya kashe babban mutum, balle yaro. Yana ƙona baki da maƙogwaro, sa'an nan ya lalata huhu sannu a hankali, mutum ya yi kwanaki yana fama da numfashi. Har yau ba shi da makari. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shi tun 2007. Koriya ta Kudu ta hana sayar da shi a 2012, yawan masu mutuwa da shan maganin gona kuwa ya ragu sosai a can. A Nijeriya hukumar NAFDAC ta sanar da haramta shi daga 1 ga Janairu 2024. Idan akwai ragowarsa a kusurwar ɗaki ko a rumbu, kada ya kwana inda yaro zai kai hannu. Idan mai shago ya miƙo muku shi, ko da wane suna, ku duba rubutun jikin kwalbar, ku ƙi saya.

Gilifoset bai kai shi haɗari nan take ba, amma ba ruwan sha ba ne. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai yiwuwa ne yana kawo ciwon daji. Hukumomin Amurka da na Turai ba su yarda da haka ba, a 2023 ma Tarayyar Turai ta sabunta izninsa na shekara 10. Tun da masana ba su daidaita ba, mai hankali sai ya rufe jikinsa. Rigakafi ya fi magani.

Mai feshi ya sa doguwar riga da wando da takalmin roba da safar hannu, ya rufe hanci da baki. Kada ya ci goro ko ya sha ruwa yana cikin aiki. In bakin famfo ya toshe kada ya busa da bakinsa. In tanki yana yoyo a bayansa ya tsaya ya gyara. In ya gama ya yi wanka da sabulu. Kada a ba yaro ko mace mai ciki wannan aiki ko kaɗan.

Ku iyaye mata, wannan sashe naku ne. Kada ku yarda a zuba magani a kwalbar lemon sha, ko da na kwana ɗaya ne, gama ta haka yara da yawa su ke sha. Jarkar magani in ta ƙare, a ɗauraye ta sau uku, a zuba ruwan ɗaurayar cikin tanki, a huda ta. Ba ta ɗiban ruwa ba ce, ba ta manja ba ce, ba ta kunu ba ce. Tufafin feshi a wanke su dabam, ba tare da na yara ba, ba kuwa a rafi ba. Idan tsautsayi ya sa wani ya sha, kada a tsaya ana ɗura masa manja ko nono, kada a sa shi amai. A kai shi asibiti nan da nan, a tafi da kwalbar domin likita ya ga ko mene ne.

To, me za mu yi bana?

Ba mu ce a jefar da tanki ba, ba mu kuma ce a rataye fartanya ba. Abin da mu ke cewa shi ne kowane aiki da kayan aikinsa. Bari mu yi ɗan lissafi. Lemon da aka dasa mita 7 tsakani, hekta ɗaya tana cin itace wajen 200. Abin da ƙaramin dashe ya ke bukata shi ne a share masa zobe, mita ɗaya daga gindinsa ta kowane gefe. In aka haɗa zoben itatuwa 200, ba su wuce kashi 6 ko 7 cikin 100 na hektar ba. Ashe wurin da dole ne ya kasance ba ciyawa ɗan kaɗan ne, iyali guda za su iya shi da hannu. Sauran filin kuwa ba kashe shi za a yi ba, mora za a yi.

Ga sabon lambu, daga shekarar fari zuwa ta huɗu, a tsige zoben da hannu ko a kankare shi sama sama da fartanya. A shimfiɗa busasshiyar ciyawar da ba ta yi iri ba, ko ɓawon gyaɗa, mai kauri, domin ya hana sabon tsiro ya kuma riƙe laima. Amma a bar taƙi ɗaya tsakanin shimfiɗar da jikin itacen, saboda gara da ruɓa. A tsakanin layuka a shuka gajerun abubuwa, wake, gyaɗa, waken soya, agushi ko dankali. Dawa da masara da rogo kada su matso kusa da dashe, gama suna tare masa rana.

Ga tofa da kiri-kiri da suka riga suka kafu, nan ne gilifoset ya ke da amfani. A fesa su su kaɗai, tabo tabo, lokacin da su ke ɗanyu suna girma. A yi da sassafe sa'ad da iska ta kwanta, ran da ba hadari, da ruwa mai tsabta, da awon da aka rubuta a jikin kwalba. A duba lambar NAFDAC kafin a saya. A cire tohon gindin itace tukuna, a kāre dashe da kwali ko buhu. Bayan tofa ta mutu a yi sauri a shuka wake a wurin, in ba haka ba wata ciyawar ce za ta gaje ta.

Ga babban lambu da inuwa ta fara haɗuwa, adda ko lauje sun isa. A yanke ciyawa sau biyu ko uku a damina kafin ta yi iri, a bar ta nan ta ruɓe. Tumaki ma su kan taimaka in rassa sun fi ƙarfin bakinsu, amma ban da awaki, ban da kuma wurin da aka yi feshi kwanan nan.

In damina ta ɗauke, musamman a Arewa inda rani ya ke da tsawo, a yanke kome ƙasa ƙasa domin kada ya sha laimar itatuwa. Kafin hunturu ya kama, a nome hanya mai faɗi kewaye da lambu duka domin tare wuta. Wannan aiki ne da ya dace maƙwabta su yi shi tare, gama wuta ba ta san iyakar gona ba. Ko gayya ta mutu a kan kome, ya kamata a tashe ta a kan wannan.

Abu na ƙarshe. Kafin maigida ya sayo magani bana, ya zaga lambu tare da uwargida, ta nuna masa inda lalonta da karkashinta su ke fitowa, a keɓe wurin. Itacen lemo yana iya yin shekara 30 yana ba da 'ya'ya, mangwaro kuwa ya fi haka. Yaran da su ke tsinko ganyen miya yau su ne za su gāji lambun, da ƙasarsa, da irin ciyawar da muka bar musu a ciki.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan kauci, ciyawar da ba ta tsirowa a ƙasa sai a kan reshe. Wanda ya ga wata ciyawa da ta gagari magani a lambunsa, ya rubuto mana sunanta da garinsu. Allah ya ba mu damina mai albarka.